Kafar Numfashin Birnin Saiwa

A gaɓar Gulbin Maraya, inda itatuwan giyayya suka tsoma saiwoyinsu cikin ruwa, akwai wani birni da ba a taɓa ganin ƙofarsa daga tudu ba. Birnin Saiwa ake ce da shi, kuma na karnukan ruwa ne. Ƙofofinsa duk a ƙarƙashin ruwa suke. Mai shiga sai ya nutse, sa'an nan ya hau sama ta cikin gaɓa, ya iske ɗakuna busassu a tsakanin saiwoyi, an shimfiɗe su da ciyawa. Ba taga, ba tsakar gida. Abin da ke riƙe da ran birnin gaba ɗaya wata 'yar kafa ce da ba ta fi wuyan hannu faɗi ba, wadda ta ɓullo tudu, ta nan iska ke shiga ta fita. Sarkawa masunta sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa ba sa kafa murhu a gaɓa sai sun ɗora gashin kaza a bakin kowane rami. In gashin ya motsa, su ce, "Gidan wani ne," su ƙara gaba.

To, Tumba ba Basarkiya ba ce. 'Yar maƙera ce daga can cikin tudu. Aure ya kawo ta tungar masunta, ruwa ya ci mijinta Arzika, ya bar ta da yarinya guda mai suna Ige, wadda ko famfara ba ta gama ba. Uwarta Hassu ta taho ta zauna da ita don rage mata kewa, sai gidan ya zama na mata uku, babu wanda ya san ruwa a cikinsu.

Sana'ar matan tunga bandar kifi ce, kuma in Tumba ta yi banda, kifin ko dai ya ƙone ko ya yi tsutsa. Matan tunga kuwa Allah ya hore musu baki. Su wuce suna cewa, "Ɗiyar maƙera, ƙarhe kike gasawa ko tarwaɗa?" Tumba mace ce mai zuciya, irin wadda gara ta kwana da yunwa da ta ce a koya mata. Ta kwashi lakarta ta yi nisa da su, ta tafi gindin wata tsohuwar giyayya bayan gidanta. Nan ta ji iska na busa mata a idon sawu. Ta duba, ga wani ɗan rami yana hura iska da kansa.

Wanda aka haifa a gindin zugazugi, in ya ga ƙasa na hura iska ba hannun kowa, me zai kira shi in ba arziki ba? Ta gina murhunta daidai bisa ramin. Wutar ta kama ba fifita, ba ta mutuwa ko da itacen ɗanye ne. Kifinta ya fito ja wur, yana ƙamshi, fatake suka fara wuce matan tunga suna tambayar ina 'yar maƙera. Tumba ta riƙa tafiya kasuwa kanta a sama, ba ta gaida kowa sai an gaishe ta.

Ana nan, wata rana da hantsi, Ige na wasa a ƙofar ɗaki sai ta zauna daɓas, ta buɗe baki kamar kifin da aka jefa kan yashi. Iska na shiga, amma ba ta isa ƙirji. Aka yi turare, aka sha rubutu, aka shafa man shanu, a banza. Yarinya ta kwanta kan tabarma, leɓunanta suka yi toka, haƙarƙarinta na ɗagawa da ƙyar.

Tumba ta fita bayan gida don kada uwarta ta ga hawayenta, ta iske wani tsoho tsaye a gaban murhun. Gajere ne, gemunsa na ɗigar ruwa alhali rana ta take tsaka.

Ya ce, "Aminci ya tabbata a gare ki, ya ke mai wuta."

Ta ce, "Baba, yau ba ni da kihin sayarwa. Ɗiyata ba lahiya."

Ya ce, "Na sani. Ni ne jakadan Magajiyar Birnin Saiwa. Wannan rami da kika ɗora wa wuta, hancin birninmu ne. Wutarki ta zuƙe iskar da 'ya'yanmu ke shaƙa, sun mutu a kan nonon iyayensu. Magajiya ta sa an ɗebo numfashin 'yarki an zuba a gora, shi ake shaƙa wa waɗanda suka saura. Abin da ya rage a gindin gorar ba shi da yawa."

Tumba ta zabura. Ta ɗauki gatari ta rushe murhun, ta watsa garwashin da hannu, ta durƙusa tana neman ramin. Babu shi. Wuta ta gasa lakar wurin ta zama kamar gindin tukunya, kafar ta rufta ta haɗe.

Tsohon ya ce, "Kafar ta mutu. Ba a tona mana sabuwa daga sama, sai daga ciki, kuma hannun da ya kashe shi ke tonawa. In za ki, ga hanya. Amma ki sani, kyautar ruwa ba a mayar da ita."

Ta ce, "Mu tahi." Ko ɗaki ba ta koma ba, don ta san in ta sake ganin fuskar yarinyar ƙafarta ba za ta ɗaga ba.

Suka gangara cikin gulbi har ruwa ya kai mata wuya. Tumba ba ta iya iyo ba, tsoron ruwa kuma ya fi na wuta a wurinta. Jakada ya sa yatsu biyu ya matse mata hanci, ya ce, "Kyauta ta farko." Ta ji kafofin hancinta sun rufe da kansu. Ya ja ta ƙasa. Suka wuce ruwan kore, suka shiga baƙi, har suka iske wata ƙofa tsakanin saiwoyi biyu masu kaurin turmi. Wata ƙatuwar ƙaguwa na zaune a bakinta, bayanta ya yi gansakuka don tsufa.

Ƙaguwar ta ce, "Wa ke tafe da warin hayaƙi?"

Jakada ya ce, "Mai laifi ce, ta zo da ƙafarta."

Ƙaguwar ta ce, "Wanda ya zo da ƙafarsa ba a cizonsa. Ta wuce, na ciki sun fi ni haƙori."

Suka kutsa, suka hau sama, kansu ya fito a wani dogon zaure mai duhu. Zauren Taruna ke nan. Duk tarun da ya taɓa shaƙe karen ruwa a gulbin nan, a nan aka rataye shi, da ƙasusuwan wanda ya kashe a ciki. Tumba na sa ƙafa sai tarunan suka fara motsi, suna miƙo zare, suna laluben ta. Wani ya kama bakin zanenta, wani ya kama kitsonta, wani ya sarƙe da jigidar da ke ƙugunta.

Jakada ya ce, "Taru ba ya kama sai abin da ke da ƙulli. Ki kwance duk abin da hannun mutum ya ɗaura miki."

Ta kwance zane, ta tsinke jigida, ta tsefe kitson da uwarta ta yi mata. Tarunan suka sake ta suka koma rataye. Amma sanyin wurin ya shige ta har ɓargo, haƙoranta suka dinga haɗuwa. Jakada ya shafa bayanta da tafin hannu, ya ce, "Kyauta ta biyu." Gashi gajere mai santsi ya tsiro mata daga wuya har sawu. Ta ji ɗumi, ta kuma ji kunyar da ba ta taɓa ji ba. Ba ta duba jikinta ba, ta ce su ci gaba.

Daga nan sai Gangaren Zamiya, wata doguwar gangara ta laka mai santsi, ba a bin ta da ƙafa sai da ciki. Jakada ya ce, "A bangon nan hagu da dama, waɗanda ruwa ya ci ne ba a ga gawarsu ba. Za su miƙo hannu. Wanda kika kama, ku zauna tare."

Ta kwanta rub-da-ciki ta sulale. Hannuwa suka fito daga laka, farare fat, sun jiƙe har sun yi yaushi. Maza, mata, yara, kowa na kiran sunan wani nasa. Can tsakiya ta ji muryar da ta sani.

"Tumba! Ke ce? Kama ni, sanyi nike ji. Ina yarinya?"

Arzika ne. Ta ga rabin fuskarsa cikin laka, ta ga hannun nan da ya saba miƙo mata kifi daga jirgi. Wallahi ta so kama shi, so irin wanda ke sa mutum ya manta da abin da ya kawo shi. Ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin haɓa, ta cije leɓe, ta ce, "Yi haƙuri, mai gida, wurinta za ni." Yatsunsa suka goge ta a kafaɗa, ta wuce. Har ta kai ƙasan gangaren tana jin yana kiranta.

A nan ne birnin ya buɗe. Lunguna ne ƙanana suna hawa suna sauka tsakanin saiwoyi, kowane ɗaki sama da inda ruwa ke kaiwa, a ƙofar kowanne an tara ɓawon ƙaguwa da ƙayar kifi. Ka ga gida ne na masu tsari, masu son wasa. Amma ba mai wasa a ranar. Karnukan ruwa na kwance a bakin ƙofofinsu suna haki, bangon lungunan ya yi baƙi da hayaƙinta, warin kifin da ta yi alfahari da shi ya cika ko'ina. Ba wanda ya yi mata haushi. Kallonta kawai suke yi tana wucewa, kuma da sun cije ta da ya fi mata sauƙi.

Suka isa ɗakin 'ya'ya. Iyaye mata na kwance a jere kan ciyawa, wasu na lasar 'ya'yan da suka riga suka sandare, sun ƙi yarda a ɗauke su. A ƙarshen ɗakin ga Magajiya, tsohuwar karyar ruwa fara sol, girmanta ya kai na maraƙi, ta rungume wata 'yar gora. Lokaci-lokaci ta buɗe bakin gorar ta kanga a hancin wani jariri, ta rufe da sauri.

Tumba ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Ranki ya daɗe, ban sani ba."

Magajiya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, na yarda ba ki sani ba. Waɗannan da ke kwance, rashin saninki ne ya kashe su, ba mugunta ba, amma bai sa sun mutu rabi ba. Mutanen da kike zaune cikinsu sun sani. Kin tambaye su?"

Tumba ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ban tambaya ba."

Magajiya ta ce, "Numfashin wa kika zo karɓa? Gora ba ta buɗe wa mutum sai ya kira sunan mai shi."

Nan fa Tumba ta daskare. Ige 'yar fari ce, kuma mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Tun da ta haife ta, "ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ta buɗe baki, sunan ya fito da kuka. "Ige. Ige ɗiyata."

Gorar ta yi motsi a hannun Magajiya.

Magajiya ta ce, "To saurara. Numfashin 'yarki ya gauraya da na 'ya'yanmu, ba mai iya raba su kuma. Muddin birnin nan na da kafa a buɗe, su sha iska, ita ma ta sha. Ranar da kafa ta toshe, su da ita tafiya ɗaya. Gaɓar nan duk saiwa ce da dutse, ƙasa mai laushi ɗaya ta rage, ƙarƙashin ɗakinki. Can za ki tona. Kada ta fi wuyan hannu, don kare da ruwan sama. Ki hura abin da ke gorar nan ta ciki, kuma kada wani abu na jikinki ya fita sama."

Tumba ta ce, "In mutanena sun gani sun toshe fa?"

"Sai ki sake tonawa."

"In sun sake toshewa?"

Magajiya ta dube ta, ba fushi ba tausayi, ta ce, "Shi ya sa za ki zauna."

Tumba ta tuna hasken rana a kan gulbi, ta tuna tsohuwar uwarta da ba ta yi wa sallama ba. Sa'an nan ta ji wani jariri ya ja iska da irin ƙarar da ta baro a ɗakinta. Ta miƙa hannuwa biyu. Magajiya ta hura musu, ta ce, "Kyauta ta uku." Yatsun suka gajarce suka yi baƙi, tantani ya haɗe tsakaninsu. Aka kafa mata gorar a baki, ta zuƙe abin da ya saura ta riƙe a ƙirji bisa nata numfashin. Yana shiga ta ji harshenta ya sauya, maganar mutane ta ɓace daga bakinta.

Jakada ya kai ta ƙarshen wani lungu ya nuna mata sama, ya juya. Ta fara tono. Ƙasa na zubo mata a ido, ƙananan saiwoyi na yanka ta, ƙirjinta na neman fashewa da numfashi biyu, ba halin saki ko ɗaya. Ta wuce laka, ta wuce yashi, ta isa jan ƙasa mai tauri wadda ta gane, daɓen ɗakinta ne, ita ta buga shi da hannunta. Ta kankare shi a hankali har wani ɗan haske ya faɗo mata a fuska.

Ta sa ido. Ga gefen tabarma, ga ƙafar Ige, 'yar ƙarama, ta yi fari, ba ta motsi. Can gefe tana jin Hassu na salati cikin kuka. Tumba ta kafa baki a kafar ta hura, ta hura, har ta ji kanta ya yi fayau. Iska mai sanyi ta biyo ta bayanta ta gangara cikin birni, ta ji 'yan jarirai sun fara tsuwa can ƙasa. A sama kuma aka yi tari, aka sake yi, sa'an nan aka ja wani dogon numfashi har ƙasan ciki. Yatsun ƙafar suka motsa.

Da ta tsaya nan, da shi ke nan. Amma ƙafar na nan kusa, ko kamu ɗaya ba ta kai ba, kuma Tumba ta san ba za ta ƙara goya yarinyar nan ba har abada. Ta ce a ranta, sau ɗaya tak. Ta zura hannun dama ta kafar, ta dafa ƙafar 'yarta. Da ɗumi.

Ige ta duba, ta ga wani baƙin dagi jiƙe ya fito daga ƙasa ya riƙe ta. Ta ƙwalla ihu.

Hassu ta zabura ta ce, "La'ilaha illallahu! Ashe kai ne ka shaƙe min jika!" Ta rarumi taɓarya da ƙarfin matar maƙeri ta sauke a kan hannun. Tumba ta ji ƙashi ya ruguje. Ta buɗe baki za ta ce Inna, ni ce, amma abin da ya fito wani fito ne siriri irin na karen ruwa. Tsohuwar ta ƙara mata na biyu. Tumba ta janye hannun yana reto. Kafin ta dawo hayyacinta an cusa dutse a kafar, an kwaɓa laka an liƙe, ana dannawa da diddige ana tofa addu'a. Hasken ya ɗauke.

Cikin duhu ta kasa kunne. Can ƙasa tsuwar jarirai ta fara yankewa. A sama, ta cikin daɓe, ta ji numfashin Ige ya koma yana ƙara, yana sarƙewa, ta ji uwarta na cewa, "Wayyo, ya dawo! Jama'a, ya dawo!"

Ba wanda ya zo daga birni ya zarge ta, ba kuma wanda ya zo taimako. Ta lanƙwashe karyayyen hannun a ƙirji, ta sa na hagu. Wannan karon ba ta yi sama kai tsaye ba. Ta san ɗakinta lungu-lungu, ta karkata tonon zuwa kusurwar da randa take, inda ƙasa ke da danshi kullum, ba a shara, ba mai duba gindinta. Hannu ɗaya ba ya sauri. Faratanta suka ɓalle, ta ci gaba da yatsu. Numfashin da ke sama yana ta nisa da juna, tana tono tana jiran na gaba, wani lokaci sai ta fid da rai sa'an nan ya zo. Da ƙyar ta ji sanyin gindin randa a kan yatsanta. Ta huda gefensa, 'yar kafa, ta bayan tukunyar, ta wajen bango.

Iska ta shigo.

Aka yi tari. Aka ja numfashi, aka sauke, aka sake ja, har ya daidaita. Hassu na ta hamdala, tana cewa addu'arta ce ta kori mugun abu. Jim kaɗan, wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Kaka, ƙishi nike ji."

Tsohuwar ta taho randa. Tumba na jin sawun uwarta daidai bisa kanta, tana jin ƙarar moɗa cikin ruwa. Sai ga wasu ƙananan sawu sun biyo, suna tangaɗi, suka tsaya a gefen randar. Ta ji yarinyar na haɗiyar ruwa.

"Kaka, ina Inna?"

"Ta tahi gulbi neman miki magani. Yanzu za ta dawo."

"Bari in jira ta bakin ƙohwa."

Kuka ya taso wa Tumba daga ciki, kuma ta san da wace murya zai fito, ta san abin da taɓarya da laka za su yi in an ji shi. Ta ɗauki karyayyen hannun ta cusa a bakinta ta cije, ta kwanta a ƙarƙashin kafar ba motsi, tana sauraron 'yarta na numfashi a bakin ƙofa.